Kwamfutar Yaya Abdul-Latif

Ranar da Hamdia ta fara ganin Mashud, yana durƙushe a shagonsa na unguwar Nima yana hure ƙura daga cikin wata tsohuwar kwamfuta. Ita tela ce a Maamobi, ba ta san kan waɗannan kaya ba. Ta nuna wani akwati mai gilashi da fitilu kala-kala.

"Wannan nake so, na buga gem."

Ya ɗago kai, ya ɗan jima yana kallonta. "Wa zai buga, 'yar'uwa?"

Ta gaya masa yayanta ne, Abdul-Latif, wanda a da yake taka leda a filin Kawukudi kafin motar haya ta trotro ta buge shi. Tun da aka sallamo shi daga asibiti a keken guragu ya daina fita, magana ma sai dole. Kullum idonsa na kan waya, yana kallon masu buga ƙwallo a kwamfuta.

"To, fitilu ba za su ci masa ƙwallo ba," in ji Mashud. "Tunda kuɗin ba yawa, katin hoto za mu fara saya, shi ke sa wasa ya tafi sumul. Furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta hannu ta isa, akwati ko tsoho ne ba komai. Na'urar raba wuta ce kawai ba a yi mata rowa."

Haka suka riƙa tara kayan ɗaya bayan ɗaya, duk sanda ta gama ɗinki aka biya ta. Saƙonni kuwa suka fi kayan yawa.

"Telata, na samo ram mai kyau, zai ƙara wa kwamfutar sauri. In ajiye miki?"

"Ajiye. Ka ci abinci kuwa?"

"Tunda kika tambaya na ƙoshi."

Da maganar ta kai kunnen mahaifinta, Alhaji Zakaria, sai ya murtuke fuska. "Mutumin da ya mai da wasan yara sana'a? Kada in ƙara jin kin je wurinsa."

Ta bi umarni, zuciyarta na ciwo. Saura na'urar wuta kawai, sai ta saya wurin Tijani, mai shagon da ke kusa, wanda ya daɗe yana yi mata fara'a. Ya ba ta mai araha, ya haɗa mata komai. Ba a yi mako ba kwamfutar ta yi ƙauri ta mutu. Tijani ya ce ai ruɓaɓɓen kati Mashud ya sayar mata.

Abdul-Latif ya juya kekensa ya fuskanci bango. Wannan ne ya fi ƙona mata rai. Ta rubuta wa Mashud: "Na yarda da kai, ka cuce ni. Da ni kaɗai ce da sauƙi."

Amsar ta zo: "Ban cuce ki ba, Telata. Zan zo bayan la'asar, zan fara gaida Baba."

Ya zo ya durƙusa ya gaida Alhaji, aka amsa masa a daƙile. Da ya buɗe akwatin, sai ya ga na'urar wutar ce ta ƙone ta tafi da katin. Hamdia ta sunkuyar da kai, amma bai ko ambaci Tijani ba. Ya fito da wata na'urar wuta da wani kati daga jakarsa. Ta gane katin, na kwamfutarsa ne da yake ji da ita.

Da ya gama haɗawa ya zauna kusa da Abdul-Latif. "Yaya, mu gwada?"

Bai tausaya masa ba, ya zura masa ƙwallaye son ransa.

"Chale, aboki, ba ka da kunya," in ji Abdul-Latif. "A gidanmu? Sake!"

Sai ya fashe da dariya, irin wadda gidan ya manta da ita. Alhaji yana alwala a tsakar gida, ya tsaya da buta a hannu har dariyar ta ƙare.

Washegari Alhaji ya kira Hamdia. "Yaron nan, su waye iyayensa?"

"'Yan unguwar Madina ne, Baba."

"Ki ce ya turo su."

Ta rubuta wa Mashud: "Ka yafe mini. Kuma Baba ya ce ka turo."

"Na yafe tun jiya, amaryata."

Ranar ɗaurin aure, Abdul-Latif ya ce a kawo masa babbar rigarsa. Abokan ango suka ɗaga kekensa suka tsallake da shi kwatocin lungu har ƙofar masallaci. Da aka shafa fatiha, shi ya fara riƙe hannun Mashud.

"Ga ƙanwata nan, amana. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Alhaji ya ce amin, jama'a suka amsa.