Kayan da Tanimu Ya Bari a Mashigi

Ku matso kusa. Kai Iliya, cire yatsa daga kunne, na san kana ji.

Kun san Tanimu mai kwalekwale. Shekarar da ruwa ya ci wansa, ko ɗigon hawaye bai yi ba. Amma da barci ya yi nisa, sai ya ga jirgin yana kifewa. Ya ce wa matarsa Ladidi, "In kin ga idona yana motsi ƙarƙashin fata, ki tashe ni. Mutanen ruwa ne ke jana."

Baiwar Allah ta riƙe maganar. Ido ya motsa, ta girgiza shi. Ya koma, ta sake. Haka suka yi ta kwana.

Ga shi ambaliya ta canza wa kogin hanya, yashi ya taru inda da babu. Kullum Sarkin Ruwa yana nuna wa matuƙa sabuwar hanya. Kowa ya riƙe, ban da Tanimu. A nuna masa yau, gobe kamar an wanke kansa. Ga faɗa, abu kaɗan ya hau mutum da masifa. Ranar da ya kafe a yashi da mata da jarirai a jirgi, Sarkin Ruwa ya ce, "Ka sake, ka bar kogin nan."

Shi ke nan abincinsa fa. Ni tausayi ya ba ni.

Da asuba, kafin kiran salla, ya bi hanyar mashigi shi kaɗai, wai zai haddace ruwan. Kwaɗi sun yi tsit. A cikin jirginsa akwai wani tsoho zaune, da ƙunshi a cinya.

"Baba, haye za ka yi?"

Bakin tsohon ya motsa. Shiru. Sai da ya rufe bakin, sannan muryar ta iso.

"Kayanka na kawo."

"Ban ba ka ajiya ba."

"Mafarkinka ne. Kullum dare akan ɗauro maka, ka gudu ka bari. Sun yi mini nauyi."

Tanimu ya dubi ƙasa. Ƙafafun tsohon suna tsiyayar ruwa, alhali cikin jirgin a bushe yake. Ya so ya yi addu'a, harshe ya ƙi. Tsohon ya ɗora masa ƙunshin a ƙirji. Sanyi ƙalau. Barci ya kwashe shi.

Nan ya kwanta, babu mai tashinsa. A mafarki jirgin ya kife, ya gani har ƙarshe. Daga nan sai ga wan nasa tsaye da gora, yana tuƙi, yana yi masa tsiya yadda ya saba, suna ratsa yashin nan lungu-lungu.

Da hantsi masunta suka same shi yana kuka kamar yaro. Sun so su taɓa shi, Sarkin Ruwa ya hana. Ranar Tanimu ya haye da mutane, gindin jirgi bai taɓa yashi ba.

Sai dai kafin tsohon ya tafi, ya faɗa masa abu ɗaya. Akwai ƙunshin da masu shi suka mutu ba su karɓa ba, kuma duk wanda ya tarar shi kaɗai, shi zai ɗora wa.

Kada in ji waninku ya bi hanyar mashigi shi ɗaya. Ku tashi ku kwanta, kowa ya je ya karɓi nasa.