Ƙarafan Tankin Tsamiyar Auta

Da hantsi aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Daura cewa tankin ruwan Tsamiyar Auta, wani ƙauye da ke kan hanyar Dutsi, ya rikito daga sama ya danne wata mata. Insifeto Maliki ya ture kofin shayinsa, ya kira Kofur Haulatu da direba, suka shiga mota.

Kafin su isa an riga an janye gawar. Sunanta Murjanatu, matar wani makiyayi Amadu. Ta zo ɗibar ruwa da goyo, da ta ji ƙarfe na kuka sai ta kwance yaron ta cilla wa wata maƙwabciya. Ita kuwa ba ta samu fita ba.

Gadon ƙarfen da ke ɗauke da tankin ya durƙushe cikin taɓo, ƙafafunsa sun lanƙwashe waje kamar na raƙumi. Wani mutum mai farar riga yana tsaye a kansa, yana sharar hawaye da gefen rawani.

"Ni ne Malam Ikrima, shugaban kwamitin ruwa," in ji shi. "Ranka ya daɗe, mai waldar nan ne ya kashe ta. Sha'aban, na can Daura. Aikin banza ya yi mana. Ka ga matasa ma da ƙyar na hana su zuwa su ƙone masa gida."

Insifeto ya wuce shi. Ya tsuguna ya bi mahaɗar ƙarafan ɗaya bayan ɗaya. Babu inda walda ta saki. Amma a jikin kowace ƙafa akwai guntun ƙarfe mai shuɗin fenti da ya ɗan fito, bakinsa a yanke sumul, tsatsa ta riga ta hau shi.

"Mene ne ke nan wurin a da?"

"Babu komai. Haka ya kawo mana shi."

"Tun farko babu ƙarafan gicciye masu tokare ƙafafun?"

"Wallahi ban taɓa ganinsu ba."

Insifeto ya sa aka yanko masa guntu ɗaya, ya naɗe a leda.

Haulatu ta shiga cikin mata. Da ta dawo ta ja shi gefe.

"Yallaɓai, ƙarya yake yi. Wata tsohuwa, Nana, ta ce ƙarafan gicciye suna nan tun da aka kafa tankin, a jikinsu ma suke rataya gammo. Farkon damina suka wayi gari babu su. Da suka tambaya, aka ce musu mata ba su san aikin ƙarfe ba."

"Wa ya ce musu hakan?"

"Ta ce ba za ta kama suna ba, a garin take kwana."

Bayan azahar suka isa gidan Sha'aban a Daura. A tsakar gida yake aikinsa, ƙarƙashin rumfar kwano. Janareto na ruri, wayoyi a warwatse a ƙasa, kaji na tsallake su. Warin ƙonannen fenti ya gauraye da na kwatar da ke bin gindin bango. Sha'aban na durƙushe kan wani babban keji na ƙarfe, irin wanda ake ɗora wa bayan mota don ɗaukar dabbobi, tartsatsi na zuba a kan silifas ɗinsa. Da ya ga kaki ya kashe inji, ya ɗaga baƙin gilashi.

"Kai ka haɗa gadon tankin Tsamiyar Auta?"

"Ni ne, yallaɓai. A nan na haɗa shi, aka ɗauka a tirela. Ka je ka duba, ko walda ɗaya ta saki ka ɗaure ni."

"Na duba. Ka sa ƙarafan gicciye?"

"Na sa. Idan babu su ai tanki ba zai daɗe a sama ba."

"Ina suke yanzu?"

Sha'aban ya kalli ƙasa. "Ina zan sani?"

Insifeto ya zagaya kejin a hankali. An shafa masa baƙin fenti rabi, an bar rabi. Ya zaro makulli daga aljihu ya kankare wani ƙarfe na gefe. Shuɗi ya fito a ƙarƙashin baƙin.

"A ina ka samo wannan?"

"Wurin 'yan gwangwan na saya."

"Waɗanne?"

"Masu wucewa da kura. Ban san sunansu ba."

Insifeto ya kwance ledar, ya fito da guntun da ya taho da shi, ya kara shi da bakin ƙarfen da ba a kai ga haɗawa ba. Yankan ya ɗan karkace, inda zarto ya goce ya dawo. Bakin biyu suka haɗu ba ko tazarar allura.

Sha'aban ya ja da baya. Ya zauna a kan tsohuwar taya.

"Yallaɓai, ba ni na yanko ba."

"Wa ya kawo?"

"Malam Ikrima. Ya ce yana son keji a motarsa, zai riƙa kai raguna Mai'adua da Kongolam. Ya zo da su a cikin buhu, a naɗe."

"Ka gane su?"

Sha'aban ya kawar da kai.

"Tambayarka nake yi. Ka gane su?"

"Aikina ne, yallaɓai. Tun daga fentin na gane."

"Kuma ka san abin da zai faru da tankin."

"Na gaya masa. Ya ce in yi abin da ya kawo ni, in kuma ba zan yi ba akwai masu walda a gari. Shi ke kawo mini aikin ƙauyukan nan duka."

"Wata nawa ƙarafan nan suna gidanka?"

"Tun farkon damina."

"Tun farkon damina kana tsallake su ka tafi masallaci. Ba ka aika wa mai gari ba, ba ka zo wurinmu ba. Yau da safe ka ji mace ta mutu, sai ka ɗauko baƙin fenti."

Sha'aban ya buɗe baki, Insifeto ya ɗaga masa hannu. Ya fita ƙofar gida ya tofar da yawu, sannan ya ce wa Haulatu ta sa wa Sha'aban ankwa, a loda kejin a mota.

La'asar sakaliya suka koma Tsamiyar Auta. An yi jana'iza, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Amadu. Malam Ikrima ne zaune kusa da shi, shi ke karɓar gaisuwa, shi ke jan addu'a. Amadu kuwa ya zuba wa ƙasa ido, yaron na barci a cinyarsa.

Da Ikrima ya hango su ya miƙe da sauri. "Alhamdu lillahi! An kamo azzalumin?"

"An kamo ɗaya," in ji Insifeto. Ya yi wa direba alama, aka sauko da kejin aka dire shi gaban tabarmi. "Malam, na wane ne wannan?"

"Ban san shi ba."

"An auna shi daidai bayan motarka. A jawo ta mu gwada?"

Mai gari ya taso ya shafa inda aka kankare. Ya juyo ya dubi Ikrima. Daga cikin gida muryar tsohuwa Nana ta fito.

"Shi ne ya ce mana ba mu san aikin ƙarfe ba. Yau kam zan faɗa."

Ikrima ya dubi mutane, ya ga babu mai kallonsa da rahama. Muryarsa ta canza.

"Ranka ya daɗe, aro na yi. Ƙarfe ya yi tsada, ga kasuwar raguna ta matso. Na ce in sallah ta wuce zan mayar. Kuma ai tankin ya tsaya lafiya duk tsawon lokacin nan, ban yi zaton..."

"Da hannunka ka yanka?"

"Da zarto. Ranar kasuwa, gari ya watse."

"Sannan da safe ka tara matasa a kan mai walda."

"Ai na hana su."

"Bayan ka gaya musu shi ne."

Amadu ya miƙa yaron ga na kusa da shi, ya tashi tsaye. Haulatu ta matsa tsakaninsu, amma bai ɗaga hannu ba. Ya sunkuya ya janye tabarmar da Ikrima ya zauna a kai, ya naɗe ta, ya jefa cikin kwata.

Aka sa wa Ikrima ankwa, aka tura shi bayan mota kusa da Sha'aban. Ba wanda ya dubi ɗan'uwansa. Sun hau kwalta ke nan Ikrima ya matso bakin taga.

"Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya. A buga wa gidana waya, a ce a ba ragunan nan ruwa. Tun safe ba su sha ba."

Insifeto Maliki ya juyo ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya sauke gilashin gefensa har ƙasa, ya ce wa direba, "Taka mota. Ba na son in ƙara shaƙar iska ɗaya da mutumin nan."