Ragon Dakta Hadiza

Ana saura 'yan kwanaki babbar sallah, wata mata sanye da farar rigar asibiti ta shigo caji ofis na Kalgo, ta ce an sace mata rago.

Insifeto Lukuman bai ko ɗago kai ba. Mutum ne mai saurin ƙosawa, kuma a irin wannan lokaci ƙarar satar rago ta fi ƙuda yawa a teburinsa.

Matar ta ce sunanta Dakta Hadiza, daga jami'a aka turo ta binciken wani ciwo mai sa fata ta yi ja, ta riƙa ɓawo. Akwai wani furotin a jiki da ke aika saƙon kumburi zuwa fata. Shi ta yi wata da watanni tana yi wa ragon allurarsa, har jininsa ya haɗa ƙwayoyin garkuwa masu cafke furotin ɗin, a gan shi a madubin likita. In ragon ya mutu, aikin ya mutu.

Suka tafi Dangoma, rugar Usman, makiyayin da aka ba kiwonsa. Usman ya rantse bai gusa daga garke ba. Sai da wani kurtu ya kifa masa mari, kunnensa ya yi jini, sannan ya amsa cewa ya leƙa kasuwa da hantsi. Insifeto na kallo bai hana ba.

Shi hankalinsa na kan garken. Ga manyan raguna ƙosassu ba a taɓa ba. Wanda aka ɗauke kuwa ramamme ne, mai huda a kunne, an aske masa wuya inda ake ɗibar jini. Babu mai neman na layya da zai kalle shi sau biyu. Ɓarawon ya san abin da ya zo nema.

"Wa ya san amfanin ragon nan?" in ji Insifeto.

"Ni kaɗai," in ji Dakta, tana gyara gilashi.

Ranar kasuwar Gwandu, Insifeto ya bi rumfunan 'yan fata yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, har ya ci karo da mai askakken wuya. Dillalin ya fara da cewa daga Jega ta zo. Da ya ga ankwa, sai ya tuna ladanin wani ƙauyen masunta ne ya kawo ta.

Ladanin, tsoho ne, bai ɓoye komai ba. Yusufu masunci ya ba shi ita sadaka, ya ce a sa shi a addu'a. Insifeto ya yi dariyar mugunta. Mutum ya saci rago, amma zuciyarsa ta kasa barinsa ya binne fata.

Insifeto ya tafi da Dakta da kurtun. Wari ne ya nuna musu bukkar Yusufu, can nesa da sauran gidaje. Yana zaune a ƙofa, hannuwansa naɗe da tsumma, ƙudaje sun yanyame su. Ya ce shi rabonsa da nama tun bara. Insifeto ya sa sanda ya yaye tsumman. Busasshen jini ya kwanta a kan fatar da ta tsattsage, ta fara ruwa.

"Jinin mene ne wannan?"

Yusufu bai dube shi ba, Dakta ya duba.

"Ni na ɗauke shi, yallaɓai. Kowa ya bar sayen kihina, sun ce kuturu na nike. Ɗiyana ma ba su cin tuwo da ni. Na ji ta da kunnena tana hwaɗin maganar ciwonmu tana cikin jinin ragon ga. Na jira, na jira, ba ta ba ni ba."

"Ba magani ba ne," in ji Dakta. "Na dubawa ne kawai. Ban taɓa ce maka magani ba ne."

"Ba ki kuma ce ba shi ba na, ran da kinka yanki hwatata kinka sa kwalba."

Insifeto ya tuna amsar da Dakta ta ba shi a ruga, ya gane cewa mutum huɗu suka yi masa ƙarya a wannan bincike, amma ɗaya kaɗai doka ta ba shi ikon kamawa. Abin ya sosa masa rai, sai dai ba har ya sauya komai ba.

Yusufu ya miƙa hannuwa. Kurtun ya dubi hannun, ya dubi ankwarsa, ya mayar da ita ƙugu. Ya waiwaya ya tsinci igiyar ragon a gindin danga, ya zarga masa a wuya, ya ja shi daga nesa. Mutanen ƙauye suka dare, kowa na toshe hanci.

Sun kusa mota Yusufu ya juyo.

"Likita, to yaushe maganin za shi zo?"

Ta riga ta shige gaba, ta ɗaga gilashin taga.