Kyandir Mai Batir

"Ina batirin cikin nan?"

Solvej ta ɗaga ɗan kyandir ɗin roba. Murfinsa a buɗe, ciki wayam.

Lahadin farko ce ta Disamba, dangin Troels sun cika gidan mahaifiyarsa Bodil a garin Silkeborg, ana shan shayi da cincin. Yau ne Solvej da Troels za su sanar da ranar aurensu.

A ƙasan tebur Agnete ke zaune, 'yar Troels mai shekara biyu, wadda uwarta ta rasu. Miyau na zuba daga bakinta, ta ture cincin ɗinta gefe.

"Troels, ɗauko mukullin mota. Ta haɗiye batirin," in ji Solvej.

Bodil ta ajiye butar shayi da ƙarfi.

"A gidana? Don jikata na daina kunna kyandir na wuta! Haƙori take yi, malama. Nan ba asibitinku ba ne."

"Ai kuwa na ga wani abu ya gangara ƙarƙashin kujera ɗazu," in ji Pernille da murya kamar zuma. Ita ce maƙwabciyar da Bodil ta so Troels ya aura, ba a taɓa taro ba a gayyace ta ba.

Ƙarya take yi, Solvej ta gani a idonta.

Shekara bakwai tana aikin jinya a sashen gaggawa na yara. Ta san irin wannan batirin in ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa biyu zai fara cin nama, yaron kuma yana wasansa. Amma yau an mayar da ita mai neman suna!

"Troels..."

Ya dube ta. Ya dubi mahaifiyarsa.

"Masoyiyata, mu ɗan duba ƙarƙashin kujerar tukuna mana..."

Wayyo, takaici! Ƙato guda ya durƙusa yana leƙen ƙura, 'yarsa na dalalar miyau. Aka ja kujera, aka naɗe darduma, Pernille na nuna nan, tana nuna can. Minti ashirin suka tafi.

Solvej ba ta sake roƙon kowa ba. Ta kira motar asibiti, ta ɗauko zuma a kicin ta ba yarinyar cokali biyu don ya rage ɓarnar batirin, ta saɓe ta a kafaɗa.

"In kika fita da ita, kada ki sake tako mini gida!"

Ta fita. Sai da motar ta tsaya Troels ya biyo su a guje, ko riga mai kauri bai ɗauka ba.

A asibiti hoto ya nuna batirin ɓaro-ɓaro, a tsaye a maƙogwaro. Nan take aka wuce da Agnete tiyata.

Da likita ta fito, ta ce wurin ya fara ƙonewa amma bai huje ba. Za ta warke.

Troels ya fashe da kuka, ya kamo hannun Solvej.

"Ki yafe mini, zuciyata. Mama ma ta kira, kuka take yi. Pernille ta amsa ba ta ga komai ba..."

"Na yafe."

"To mu..."

"A'a, Troels. Ina son ka, har yanzu. Amma na faɗa maka 'yarka na cikin haɗari, ka tsaya neman izini a fuskar mamarka. Sai da hoto ya yi magana ka yarda da ni."

Ta zare zoben baikonsu ta sa masa a tafin hannu.

Wata abokiyar aikinta ta leƙo.

"Solvej, ta farfaɗo. Ke take kira."

Ta goge fuskarta ta shiga. Agnete ta miƙo hannu mai allurar ruwa, murya a dishe.

"Sol... gida?"

Ta sumbaci goshinta, ta gyara mata bargo.

"Baba zai kai ki gida, 'yar lelena."

Sai da yarinyar ta koma barci Solvej ta zare yatsanta daga cikin ɗan hannun.