Fuskar Kaka Binta

Da tsaki Falmata ta fara yi wa Mikail magana, ba da sallama ba.

Ta je wani ɗan gidan tarihi ne a Maiduguri, inda aka kafa allon bidiyon kakarta, marigayiya Kaka Binta, tana nuna yadda ake haɗa turaren wuta. Mikail ne ya ɗauki bidiyon tun tsohuwar na raye, shi ya kuma tsara allon. Tsarin nasa kuwa abin ƙyama ne: sai ka dangwali fuskarta da yatsa kafin ta fara magana.

Falmata ta tarar da wani ƙato yana cin ƙosai yana dangwalar goshin kakarta. Gilashin ya yi kaca-kaca da maiƙo, ƙudaje na bin kumatun matar da ko 'ya'yanta ba su taɓa kallon tsabar idonta ba.

"Wane mara tarbiyya ne ya yi wannan aikin?"

"Ni ne," in ji Mikail, wani siririn saurayi. "Wushe, sannu 'yar'uwa. Ai haka ake yi a ko'ina."

"Su 'yan ko'inan ba su da kaka?"

Ta sa gefen lafayarta ta goge gilashin. Allon ya ɗauka taɓawa ce, sai ga muryar Kaka ta cika ɗakin. Falmata ta fashe da kuka. Mikail ya rasa inda zai sa kansa, da ƙyar ya roƙi lambarta don ya tura mata bidiyon.

Da ya tura bidiyon, ya haɗa da saƙo: "Ga Kaka nan, ba sai kin taɓa ta ba. Ki yafe min."

"Na gode. Har yanzu haushinka nake ji."

"Ki ci gaba da ji, in dai kullum za ki riƙa faɗa min."

Daga nan hira ta ƙi ƙarewa, ta zama Zumarsa, ya zama Nata. Ya yi alkawarin gyara allon, amma soyayya ta sa shi shiririta. Abin da ya iya kawai shi ne ajiye tsumma a gefe, kamar maiƙon ne kaɗai matsalar.

Akwai Tahir, mai shago a kasuwar Gamboru, da ya daɗe yana son Falmata tana share shi. Shi ya zuga abokansa suka je suna lakatar hancin tsohuwar suna shewa, ya ɗauka a waya, ya kai wa mahaifin Falmata, Alhaji Babagana, har da fuskar tausayi. Tir da irin wannan neman aure.

Alhaji ya ture wayar. "Wanda ya miƙa fuskar uwata ga yatsun 'yan tasha ba zai shigo gidana ba."

Falmata ta rubuta wa Mikail: "Baba ya gani. Ka ce za ka gyara, ba ka gyara ba. Ni ma kunyar kaina nake ji."

"Zumata, laifina ne. Ki roƙe shi ya zo sau ɗaya, ko don ya tsine min."

Alhaji ya zo, da niyyar sa a cire allon. Sai ya tarar da takalma jere a bakin ƙofa. An shimfiɗa tabarma, an sauko da allon ƙasa daidai zaman dattijuwa, nesa da inda hannu zai kai. Yanzu sai mutum ya zauna a tabarmar take magana.

Ya tuɓe takalmansa ya durƙusa.

"Lale, lale. Zauna, ɗana," in ji Kaka Binta, kamar yadda ta ce wa Mikail ranar ɗauka.

"Na zauna, Ya," Alhaji ya amsa da sunan da yake kiran mahaifiyarsa, kansa a sunkuye.

Bai motsa ba har ta gama. Sannan ya ce wa Mikail da ke tsaye a bayansa, ba tare da ya juyo ba, "Ƙazantar da ka yi a baya har yanzu tana tayar min da zuciya. Amma turo manyanka."

An ɗaura auren a unguwar Abbaganaram. Da za a kai amarya, Alhaji ya dafa kan Falmata, ya dubi Mikail.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku 'ya'yan da za su durƙusa muku, kuna raye da bayan ranku."