Furar da Rufa'i Ya Ƙi Sha

Ran kasuwar Maigatari Rufa'i ya fara ganin Muhsina, da ta tsayar da babur ɗinsa ya kai ta Ɗanzomo. Har suka isa bai iya ce mata komai ba, sai gyaran madubi yake ta yi.

Da ya fara zuwa zance, kullum sai an fito masa da fura mai sanyi, shi kuwa ya yi godiya ya ture ƙwaryar gefe. Ciwon suga gare shi. A asibiti an ce ya rage tuwo da fura da shinkafa, ya riƙe ƙwai da zogale. Amma ina bakin faɗa? Saurayi da ciwon tsofaffi, wa zai ba shi 'ya?

Abin ya ɓata wa mahaifiyarta rai. "Ko ya ɗauka wani abu muke zuba masa? Ga Barau mai nemanki, tas yake shanyewa har ya sa albarka."

Wata rana ruwa ya tsare shi, ya kwana a ɗakin yayanta Ishaƙ. Da safe Ishaƙ ya shaida wa mahaifinsu abin da ya gani cikin dare: Rufa'i ya yi gumi sharkaf, jiki na rawa, magana ba ta fita, yana laluben aljihu yana jefa wani abu a baki.

Baba ya ce, "Ɗan ƙwaya ne. Kada ya ƙara tako min gida."

Rufa'i ya ji, ya yi shiru abinsa. Ana nan sai ga saƙonta:

"Sanyin idona, in ƙwaya ce ka faɗa min. Shirun nan ya fi min ciwo."

Ya rubuta ya goge, ya sake rubutawa:

"Muhsinata, dabino ne a aljihun. Ciwon suga gare ni. Na rage abinci, ban koma an duba min magani ba, shi ne sugan ke faɗuwa cikin dare. Kunyarki nake ji."

Ta mayar masa da amsa: "Kai ka sayo ciwon a kasuwa? Gobe ka koma asibitin Gumel, jibi ka zo ka faɗa wa Baba da bakinka."

Likita ya rage masa magani, ya ce ya riƙa taɓa ɗan abinci kafin ya kwanta. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce durƙuson da ya yi a zauren Baba, kai a ƙasa, yana faɗa masa gaskiya.

Baba ya dube shi. "Yaro, ka gwammace a ce maka ɗan maye da a ce ba ka da lafiya?"

Rufa'i ya roƙi gafara, Baba ya yafe masa.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Baba ya sa aka kira ango gefe.

"Ga ta nan, barcinta ba shi da nauyi. In abin ya taso maka cikin dare ka tashe ta, matarka ce. Allah Ya yi muku albarka."