Goran Ruwa da Zanen da Aka Ba Depite Inusa

Duk wanda ya san Madarumfa a shekarar zaɓen 1993 ya san Inusa, malamin lakwal ɗin nan, wato makarantar boko, mai keke da murmushi. Ni da nake ba ku labarin nan na sha ganinsa yana raba wa yara alli. Allah ya jiƙan na jiƙa, ya shirya na shiryuwa.

Da ya ci kujerar depite, wato ɗan majalisa, mutanen wani ƙauye can bayan Gabi suka zo masa da kukansu. Su ba su iya rubutu ba, saboda haka kukan a hannu suke ɗauko shi. Tsoho Ɗan Baba ya ɗingiso, kurkunu na cin ƙafarsa, ya miƙa masa gora.

"Ɗana, ruwan da muke sha ke nan. Ka kai shi Yamai su gani. Rijiya muke so."

Wata tsohuwa ta ajiye masa zane. A cikinsa 'yarta ta cika kan amalanke, tana naƙuda, kafin a iso gidan likita.

Inusa ya share hawaye ya ce, "Baba, Inna, na ɗauka. Daga yau kukan nan nawa ne."

To, Yamai fa ba Madarumfa ba ce. Ya ga abokan aikinsa cikin motoci, shi yana tare taksi da jakarsa ta lakwal. Zuciya ta fara yi masa raɗa. Kafin zaman majalisa na biyu, wani ya kwatanta masa boka a cikin daji kusa da iyaka.

Da rana tsaka ya isa. Bukka ce ƙarƙashin busasshiyar tsamiya, ko tsuntsu ba ya sauka a kanta. A ciki akwai tukunya baƙa an binne ta har wuya, an ɗaure bakinta da jan ƙyalle, ƙudaje na zagayawa amma ba sa taɓawa. Bokan bai ko ɗago kai ba.

"Dukiya kake so."

"Ita. Baƙin bunsuru zan kawo, ko sa?"

"Na ƙoshi da nama. Me ke cikin jakarka?"

Inusa ya ce, "Saƙon mutane ne."

"Shi tukunyata ke ci. Zuba mata. In ka miƙe a majalisa, ka roƙi abin da ka ga dama, ban da waɗannan biyu."

"Ba zai taɓa mutanen ba?"

Sai a nan bokan ya dube shi. "Me zai taɓa su? Sun riga sun sauke. Kuka wurin mai shi yake komawa."

Inusa ya ji daɗin wannan amsa, don ya manta abin da bakinsa ya faɗa a gaban tsofaffi. Ya tsiyaye ruwan, ya cusa zanen. Tukunya ta yi wani sauti kamar mutum ya haɗiye loma.

A majalisa ya miƙe ya yi ta zuba faransanci kan hanyar manyan motoci zuwa iyaka. Ba rijiya, ba ɗakin haihuwa. Kafin shekara ta zagayo yana da kamiyo shida, manyan motocin kaya, da bene a Maraɗi. Ɗan Baba ya zo sau biyu, aka ce masa mai gida ya yi tafiya.

Matar Inusa, Ramatu, ce ta fara. Ruwan famfo take sha, garau, amma kurkunu ya fito mata a ƙafa, ya fito a hannu, har a wuya. Daga nan duk kofin da aka miƙa mata sai ta ture.

"Malam, ba ka gani? Suna motsi a ciki."

Ta daina sha. Kwana biyar ta rasu da busasshen harshe, randa cike kusa da kanta.

Sai Hajara, 'yarsa tilo, mai cikin fari. Ranar da naƙuda ta kama ta, motoci uku na ƙofar gida suka ƙi tashi. Aka ruga titi, babu abin da ya tsaya sai amalanke. Tana riƙe da hannunsa tana cewa, "Baba, mun kusa?" Ba su kai ba. Da mata suka zo yi mata wanka, suka tarar da wani tsohon zane a jikinta wanda ba wanda ya san shi. Inusa ya san shi.

Ya koma daji a guje. Tsamiya ta faɗi, bukka ta zube, babu boka. Watan da sojoji suka rushe majalisa, kamiyonsa suka bi juna suka salwanta, wasu wuta, wasu haɗari.

Daga baya a ƙauyen nan aka riƙa ganinsa da guntuwar fartanya, yana tonon ƙasa inda babu ruwa, yana cewa ya kusa kaiwa. Ɗan Baba ne ke tace masa ruwa da bakin rawaninsa.

"Sha, ɗana. Irin wanda muka ba ka ne, ba mu da wani."

Ku da ke sha'awar kujera, ku ji ni da kyau. In talaka ya ɗora maka kukansa ka ce ka ɗauka, to ka kai shi inda aka aike ka. In kwaɗayi ya sa ka sayar da shi, gidanka zai zo, kuma ba da kai zai fara ba.